Wasiƙa daga Chicago: tsohuwar da ta koya wa yaran Amurka amshi

Ku yi mani afuwa da shirun da kuka ji kwana biyu, babi na uku na kundin digirina ne ya sa ni a gaba, ga kuma sanyin garin nan da ba ya jin magiya. Yau ba zancen karatu zan yi maku ba, zancen waƙar yara ne, kuma a ƙarshe ina da roƙo wajen Inna da Gwaggo, don haka wanda ya karanta ya daure ya isar masu.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na kai 'yar tawa laburaren unguwarmu. Muka tarar da wani bawan Allah da jita, yara sun kewaye shi a zaune a ƙasa. Sai ya ba da waƙa, su amsa, ya sake bayarwa, su sake amsawa, har da tafi. Yarinyar nan da ko gaisuwa sai an yi da gaske take yi wa baƙo, sai ga ta tana amsawa da iyakar muryarta. Na ce a raina, ai wannan gaɗa ce, farin wata kawai ta rasa. Da aka tashi na tambayi mutumin inda ya samo wannan salo, ya ce duk mai yi wa yara waƙa a ƙasar nan almajirin Ella Jenkins ne, ko ya sani ko bai sani ba. To kun san halin ɗalibi, daga nan na bar abin da ya kawo ni na shiga tono.

Ella Jenkins baƙar fata ce, an haife ta a 1924 a St. Louis, ta tashi a kudancin Chicago, inda baƙaƙen da suka yi ƙaura daga jihohin kudu suka taru. A nan kunnenta ya cika da waƙoƙin coci, inda mai wa'azi ke bayarwa jama'a na amsawa, da waƙoƙin da yara ke yi a titi suna tsallen igiya. Ta yi digiri a ilimin zamantakewa, ta kama aikin kula da matasa, kuma a wurin aikin ne ta lura cewa yaro ya fi riƙe waƙar da aka ba shi rabonsa a ciki. Faifanta na farko ya fito a 1957, sunansa Call-and-Response, wato bayarwa da amshi. Kayan kiɗanta ba su wuce 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, da ganga, da hamonika ba, sai muryoyin yara na gaske, har da masu kuskure.

Wanda ya buga mata faifan shi ne Moses Asch, mai wani ɗan ƙaramin kamfani a New York da ya kafa a 1948, Folkways. Manyan kamfanoni a lokacin waƙar da za ta yi kasuwa suke nema, in ta daina ciniki su watsar. Shi kuwa Asch ƙa'idarsa ita ce duk faifan da ya buga ba zai taɓa janye shi ba, ko da mutum biyu ne ke nema a shekara. Ya buga faifai 2,168 kafin ya mutu a 1986, kuma da cibiyar Smithsonian ta gwamnati ta karɓi kamfanin a 1987, da wannan sharaɗin ta karɓa. Shi ya sa faifan Ella na 1966, wanda ya fi kowane faifan Folkways ciniki, har yau ana samunsa. Ita ma ba ta taɓa barin kamfanin ba. An ba ta kyautar Grammy ta karramawar aikin rayuwa a 2004, ta mutu a Nuwamban 2024 tana da shekara 100 cif.

Akwai wani abin mamaki a tarihin nan. Pete Seeger, shahararren mawaƙin gargajiyar Amurka, an zarge shi da gurguzanci a shekarun 1950, har majalisa ta kira shi a 1955, gidajen talabijin suka rufe masa ƙofa. Sai ya koma bin makarantu da sansanonin hutun yara yana waƙa don ya ci abinci. Waɗanda suka so rufe masa baki sai suka miƙa masa 'ya'yansu. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Na biyu da ya burge ni shi ne Raffi, ɗan asalin Armeniya da aka haifa a Alƙahira a 1948, iyayensa suka koma Kanada yana ɗan shekara goma. A 1976 ya fitar da faifan yara na farko a kamfanin da ya kafa da kansa, Troubadour, sai Baby Beluga a 1980, wanda ya sa sunansa ya shiga kusan kowane gida mai yara. Kuɗi suka zo har ƙofa, masu talla suka yi ta bibiyarsa, ya ce atafau ba za a yi amfani da muryarsa a sayar wa yara kaya ba, don yaro bai kai ya gane dabarar ɗan kasuwa ba.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma sai aka sami sabon ayari, mawaƙan manya da suka haihu, suka duba kasuwa ba su ga abin da za su iya saurara tare da 'ya'yansu ba. Laurie Berkner ta fara da kaset a 1997. Dan Zanes, tsohon mawaƙin rok, ya naɗi waƙoƙi yana raba wa maƙwabta, daga baya ya buɗe nasa kamfanin ya fitar da faifai a 2000, ya ci Grammy a 2007. Su ne ake yi wa laƙabi da kindie, kuma mutumin laburarenmu cikinsu yake.

Yau dai wayar hannu ce sarki. Baby Shark na wani kamfanin Koriya ta Kudu ya haura kallo biliyan 10 a YouTube a Janairun 2022, kuma ina tabbatar maku gidanmu ya ba da nasa kason. Ba na cewa waƙar haramun ce. Sai dai in yarinyar na kallo, baki buɗe take zama, ido a kan gilashi, ba wanda ke jiran ta amsa.

Daren Asabar ɗin nan na ce wa uwargida ta yi mata gaɗa ko ɗaya. Ta fara, muka kama amshin tare, muna zuwa baiti na biyu sai muka tsaya muna kallon juna. Ita ta manta, ni dama daga gefen dandali nake leƙe. Mun yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya mani a rai. Ella ta sami Asch ya adana mata. Waƙoƙin da Inna ta yi mana reno da su, da na daka, da na tashe, a ƙirjin tsofaffinmu kawai suke, kuma tsofaffin nan kullum raguwa suke yi.

To ga roƙona. Yaya, don Allah in kin je gida ranar Juma'a, ki zauna da Inna da Gwaggo bayan la'asar, ki kunna wayarki, ki turo mani ta WhatsApp. Na san Gwaggo za ta ce ita ta tuba da waƙa tun da ta sauke farali, ki ce mata jikarta ce ke roƙo. Ki tara yaran gidan su yi amshi, kada a hana su ko sun ɓata. Ki tambaye su sunan kowace waƙa, da lokacin da ake yin ta, da wurin wanda suka koya. Ni kuma na ɗauki alkawarin rubuta su duka in raba wa kowa.

A gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku a kullum, daga cikin ƙanƙara.