BABI NA UKU: GIDA DA ƁANGARE DA ƘASA A TARIHIN GOYON BAYAN 'YAN DAMBE A JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar dambe da kayan yin sa da lokutan da ake yin sa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne domin a ga su wa ke tsaya wa ɗan dambe idan ya shiga fage, kuma mene ne dalilinsu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wannan yanki gida ne ya fara mallakar ɗan dambe, sa'annan gari, sa'annan ɓangare. Ita kuwa ƙasa, wato Nijeriya, daga baya ta zo.

3.1 Yankin da Mutanensa

Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautar Gwandu. An kafa Jega ne bayan jihadi, a hannun Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, bayan rasuwar mahaifinsa a 1818 sakamakon saɓaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi ya sa ake ce wa mutanen garin Gimbanawa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, fatake na zuwa mata daga Nufe da ƙasar Yarbawa da Gwanja. To, duk inda kasuwa ta cika akwai yanka, inda kuwa yanka ya yawaita nan rundawa, wato mahauta, suke taruwa da makaɗansu na kalangu. Nan ne tushen dambe yake.

3.2 Gida: Gado da Siyasarsa

Bahaushe ya ɗauki dambe a matsayin wasan mahauta, kamar yadda ya bar wa maƙera wasa da wuta. Da kaka, idan an kawar da amfanin gona, samarin rundawa kan bi garuruwa ana kara su da takwarorinsu, Sarkin Fawa na gari shi ne mai masaukinsu. Ke nan wanda ya shiga fage ba da sunansa kaɗai ya shiga ba. Idan makaɗi ya saki takensa, sunan ubansa da na kakansa zai ambata, kuma idan aka kashe shi, wato aka buge shi har ya kai ƙasa, dukkan gidan ne aka kayar. Wannan ne ya sa iyaye ba su barin yaro ya fita haka nan. Uba ko baffa shi zai nemo laya da guru da kambu, shi zai zaɓi wanda zai naɗa masa zare, shi ne kuma mai ikon cewa kada a haɗa shi da wane tukuna, ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Har wa yau, 'yan gida ɗaya ba su dambe da juna. Idan an kashe ƙane, wa ne ke fitowa neman fansa, wani lokaci a bi gabar nan shekara da shekaru tsakanin gidaje biyu.

Sai dai gado yana da fuska biyu. A tsarin zaman Hausawa na dā, fawa tana cikin sana'o'in da ba a ɗaukaka ba, gidajen sarauta da na malamai ba su cika ƙulla aure da mahauta ba. A ƙasa irin ta Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya gina a kan ilimi, malamai sun daɗe suna kallon dambe a matsayin shagala mai haɗe da kiɗa da tsafe-tsafe da cuɗanyar maza da mata. Saboda haka idan ɗan malami ko ɗan bafade ya ga yana da hannu, to rigimarsa ta farko ba a fage take ba, a zauren gidansu take. Irin wannan yaro yakan bar gari, ya tafi inda ba a san asalinsa ba, ya ɗauki laƙabi. Abin lura a nan shi ne, attajirin da zai yi wa ɗan dambe kyautar riga a bainar jama'a, shi ne kuma zai hana shi 'yarsa idan ya aiko neman aure.

Wanda gidansu ya ƙi shi yakan sami wani gidan, wato na ubangidansa a dambe. Sunayen da ake ji a fage shaida ne: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Wannan "wane" sau da yawa ba mahaifi ba ne, tsohon ɗan dambe ne ko mai kuɗin da ke ciyar da yaron. An ari tsarin zumunta ne kacokan aka ɗora wa sana'a, har da haramcin nan na cewa yaran ubangida ɗaya ba su naɗa wa juna zare.

3.3 Ɓangare

Da motoci suka yawaita, aka buɗe gidajen dambe na biyan kuɗin ƙofa a birane kamar Sakkwato da Kano da Kaduna da Legas, sai gari ya yi wa ɗan dambe kaɗan. A nan ne rabon ɓangarori ya yi ƙarfi: Kudu, da Arewa wadda ake kuma ce wa Jamus, da Guramaɗa. Ɗan kallo yakan riƙe ɓangarensa kamar yadda ake riƙe jam'iyya, ya yi liƙi ga wanda bai taɓa gani ba don kawai nasu ne. Makaɗa sun taimaka ƙwarai wajen wannan. Waƙoƙin Ɗan'anace, waɗanda rediyo da kaset suka kai ko'ina, su suka sa manomin da bai taɓa ganin Shago ko Ɗandunawa da idonsa ba ya san su kamar maƙwabtansa, har ya zaɓi gwaninsa a cikinsu.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato. Wannan ya sauya inda ake kai takardu, amma bai sauya wanda ake yi wa kirari ba. Haka ma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, wadda ta raba Arawa biyu, wasu a Kangiwa wasu a Dogonduci. Ɗan damben da ya tsallako daga Nijar, harshensa da takensa da layunsa duk irin na gida ne, ba a tambayarsa takardar ƙasa kafin a yi masa shewa. Ga Gimbanawa ma abin ya fi kusa, tun da shi kansa Malam Abdussalami Ba'are ne.

3.4 Ƙasa

Kishin ƙasa ya shigo wa dambe ne ta ƙofar damben Turawa. A 1957 Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya ci kambun duniya a birnin Paris, ana saura shekara uku a sami mulkin kai. Dick Tiger ya ci nasa a 1962, ya kuma kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan cikin Agustan 1963, inda ya doke Gene Fullmer na Amurka. Lambar farko da Nijeriya ta taɓa samu a wasannin Olamfik ma ta dambe ce, wadda Nojeem Maiyegun ya ciwo a Tokyo a 1964. Jaridu da 'yan siyasa sun riƙe waɗannan mutane a matsayin alamar sabuwar ƙasa. Amma labarin Dick Tiger ya nuna iyakar abin. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 sai ya bi Biyafara, a 1969 ya mayar wa Ingila lambar girmamawar da ta ba shi saboda goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Wanda jiya yake gwarzon kowa sai ya koma na ɓangare guda, har ya rasu a 1971. Ashe ko a can, da aka matsa, gida ne ya rinjayi ƙasa. Irin wannan tambaya ta "na wa ne?" ta sake tasowa a kan Anthony Joshua, wanda ya ci wa Birtaniya zinare a 2012 alhali asalinsa na Shagamu ne.

Duk waɗannan gwaraza babu Bahaushe a cikinsu, kuma goyon bayan da mutumin Maiyama zai ba su na jin labari ne a rediyo, bai ci masa ko kwabo ba. Ba a haɗa shi da na fage, inda mutum ke cire kuɗin albasarsa ya liƙa a goshin gwaninsa. Damben gargajiya kuwa, hukuma ta fi tunawa da shi a lokacin bukukuwa, alal misali bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ko kuwa gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a 1973, wadda daga baya aka shigar da wasannin gargajiya cikinta. A can ɗan dambe kan sa rigar jiha na 'yan kwanaki, ya dawo ya koma Shagon wane. Idan aka kwatanta da Nijar za a ga bambanci, domin tun 1975, zamanin Seyni Kountche, gwamnati ta ɗauki kokawa ta mayar da ita wasan ƙasa, jihohi na karawa a kan takobi. Dambe bai sami irin wannan gata a Nijeriya ba.

Inda ake gane mai ɗan dambe na gaskiya shi ne ranar da ya ji ciwo. Aliero ta shahara da masu ɗori, su ma gadon abin suke yi gida-gida, ana kawo musu masu karaya daga nesa, har daga wajen Nijeriya. Ɗan damben da hannunsa ko muƙamuƙinsa ya goce, 'yan'uwansa ne ko ubangidansa ke ɗaukarsa zuwa wurin mai ɗori, su ke zaman jinya, su ke ciyar da iyalinsa har ya warke. Idan kuwa ƙarfi ya ƙare ɗungurungum, 'yan ɓangarensa kan shirya masa ajo, a yi dambe da sunansa, a tara masa abin da aka samu ya ja jari, galibi ya koma kan teburin nama inda ubansa ya tsaya.