Alaƙar Papua New Guinea da Ostireliya: daga mulkin mallaka zuwa ƙawancen tsaro

Tazarar da ke tsakanin gaɓar Papua New Guinea da tsibirin Saibai na Ostireliya kimanin kilomita huɗu ce kacal. Ostireliya ce ta mulki wannan ƙasa ta yankin Tekun Fasifik har zuwa 16 ga Satumba, 1975, ranar da ta samu 'yancin kai.

A 1978 ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Mashigin Torres, wadda ta fara aiki a 1985. Bayan shata iyakar ruwa, yarjejeniyar ta bai wa 'yan asalin tsibiran mashigin da na wasu ƙauyukan gaɓar Papua New Guinea damar tsallakawa ba fasfo ba biza, domin su, ziyarar dangi da bukukuwan gargajiya. Ba kasafai gwamnatoci ke yi wa zumuncin da iyaka ta raba irin wannan sassauci ba.

Ta fuskar kasuwanci, zinariya ce babbar hajar da Papua New Guinea ke sayar wa maƙwabciyarta, ita kuma tana sayen injuna, nama da alkama daga can. Ostireliya ce kuma ta fi kowace ƙasa ba ta tallafi.

Zaman bai rasa tsami ba. A 2016 Kotun Ƙolin Papua New Guinea ta yanke hukunci cewa tsare masu neman mafaka da Ostireliya ke turawa tsibirin Manus ya saɓa wa tsarin mulki, aka rufe sansanin a 2017.

Yarjejeniyar tsaron da China ta ƙulla da Tsibiran Solomon a 2022 ta tayar wa Ostireliya da hankali, ta ƙara matsowa kusa da maƙwabciyar tata. A Oktoban 2025 Firaminista Anthony Albanese da takwaransa James Marape suka sa hannu kan Yarjejeniyar Pukpuk, wato kada a harshen Tok Pisin, wadda ta tanadi kare juna idan an kai wa ɗayarsu hari. Rabon Ostireliya da ƙulla irin wannan ƙawance tun 1951.

Sai dai Papua New Guinea ba ta juya wa China baya ba. China na cikin manyan masu sayen iskar gas ɗinta, kuma kamfanin ƙasar ne ke gudanar da mahaƙar nikel ta Ramu da ke lardin Madang.