ESO: Cibiyar da Ta Koya wa Madubi Gyara Kansa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana taurari na Turai sun tsinci kansu a baya. Manyan na'urorin hangen sama suna Amurka, kuma kusan dukansu sararin arewa suke kallo, alhali tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki ta fi fitowa sarai daga kudancin duniya. Babu ƙasar Turai da za ta iya ɗaukar nauyin gina babbar na'ura a kudu ita kaɗai. A 1953 Jan Oort da Walter Baade suka tattauna batun haɗa ƙarfi a Leiden ta ƙasar Holan, a Janairun 1954 kuma masana daga ƙasashe shida suka sa hannu kan takardar neman a kafa cibiya ɗaya.

Gwamnatoci ba su yi saurin amsawa ba. Sai ranar 5 ga Oktoba 1962 Beljiyam da Faransa da Jamus da Holan da Suwidin suka rattaba hannu a Paris, aka haifi Cibiyar Turai ta Nazarin Sararin Kudu, wato ESO, Otto Heckmann ya zama shugabanta na farko. An shafe shekaru ana gwada wurare a Afirka ta Kudu, amma busasshiyar iskar hamadar Atacama ta Chile ta yi rinjaye. A 1969 aka buɗe tashar La Silla a kan dutse mai tsayin mita 2,400.

Babbar na'urar farko mai madubin mita 3.6 ta fara aiki a 1976, an gina ta bisa tsohon tsari: madubi mai kauri da nauyi don kada ya lanƙwashe. Wannan tsari yana da iyaka, domin madubi na ƙara faɗi, nauyinsa da kuɗinsa na wuce misali. Nan ne Raymond Wilson ya kawo dabarar da ta ɗaukaka ESO. Maimakon a hana madubi lanƙwasa, sai a yi shi siriri, a ɗora shi kan maturai da kwamfuta ke sarrafawa, tana auna hasken tauraro tana mayar da madubin daidai. Na'urar NTT ta tabbatar da haka a 1989.

Da wannan dabara aka gina na'urar VLT a dutsen Paranal: madubai huɗu, kowanne faɗinsa mita 8.2, kaurinsa bai kai santimita 18 ba, yana zaune kan maturai 150. Na farko ya buɗe ido a Mayun 1998. An raɗa musu sunaye da harshen Mapuche na Chile: Antu, Kueyen, Melipal da Yepun.

Sauran matsalar iska ce. Motsinta ne ke sa taurari ƙyalƙyali, yana dagula hoto kamar yadda guguwa ke dagula fuskar tafki. Maganin shi ne ƙaramin madubi mai sauya siffa ɗaruruwan lokuta cikin daƙiƙa ɗaya. Inda babu tauraro mai haske da za a auna da shi, sai a harba hasken leza zuwa nisan kilomita 90 a ƙirƙiro na wucin gadi. Paranal ta fara yin haka a 2006.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 2004 VLT ta ɗauki hoton farko na wata duniya da ke wajen tsarin ranarmu. Reinhard Genzel da tawagarsa sun bi sawun taurarin da ke kewaya baƙin ramin tsakiyar gungunmu, mai nauyin rana kusan miliyan 4, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2020.

Yau ƙasashe 16 ne mambobin ESO, hedikwatarta tana Garching kusa da Munich. A dutsen Armazones ana gina na'urar ELT, mai madubin mita 39 da za a harhaɗa daga gutsattsari 798. Babu masana'antar da za ta iya zuba madubi irin wannan a dunƙule, babu kuma ƙasa ɗaya cikin mambobin da ta ɗauki nauyinsa ita kaɗai. Haɗa ƙarfi da ƙirƙirar dabara su suka raini ESO tun farko, su ne kuma ke ɗauke da ita har yanzu.