Tun Yaushe Aljanu Suka Shigo Littattafanmu?

A zaman ƙungiyarmu ta marubuta na watan jiya gardama ta kaure. Wani dattijo daga cikinmu ya ce 'yan matan yanzu sun bar Magana Jari Ce sun koma karanta labarin aljanin da ya kamu da son budurwa, kuma a ganinsa wannan lalacewa ce da waya ta kawo. Ban iya musa masa a wurin ba, don ya haife ni. Amma da na koma gida na zauna da tarihin, sai na ga aljanun nan a garinmu aka fara buɗe musu ƙofa.

A 1933 Rupert East, na Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Ya sha wuya, domin malamai da yawa suna ganin ƙirƙirar labari aikin tatsuniya ne, bai dace da mai ilimi ba. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, biyu a Katsina aka rubuta su, kuma wa da ƙane ne suka rubuta. Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Ƙanensa Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja.

To, ku duba abin da ke ciki. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawa, amma kafin a kai ƙarshe ya tsallaka duniyar aljanu yana ta gwabzawa. Alhaji Imam kuwa, bayan duk shaƙiyancin da suka yi da Malam Zurƙe, da taimakon aljanu ya kai ga ruwan da ya fita nema. A 1951 Ahmadu Ingawa, shi ma ɗan ƙasar Katsina, ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, gurgun da aka warkar ta hanyar al'ajabi ya tashi jarumi. Waɗannan fa su ne ake ba mu a makaranta a ce mu yi koyi.

Abin da ya sauya shi ne aikin da aka ba aljanin. A wancan zamani maza ke rubutawa, jarumin namiji ne matafiyi, aljani kuwa ko ya tare masa hanya ko ya ɗauke shi a kafaɗa. Soyayya ba ta da wani babban gurbi.

Gasar kamfanin NNPC ce ta juya akalar. A 1980 aka buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin soyayya tsantsa, tare da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wadda ake lissafa ta a matsayin mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. A littafinta Boɗaɗo ba da dangi kaɗai ta yi fama ba a kan Yasir, har da aljanar da ta sa ido a kansa. Nan aljani ya baro daji ya shigo ɗaki. Kuma marubuciyar ba daga Turai ta aro wannan ba. Wace unguwa ce a Katsina ba a taɓa cewa wance namijin dare ne ya hana ta aure ba, aka kai ta wurin masu ruƙiyya?

Daga nan adabin kasuwar Kano ya ɓarke, su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, mata suka zama mafi yawan masu saye da masu haya. Suka ta biyo baya. Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun daɗe suna fafatawa a jaridu kan darajar littattafan, kuma a 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano.

Inda na yarda da dattijon nan shi ne wajen Hausa. Imam yana da East a kansa, ana gyara, ana mayar masa. Yau marubuciya kan rubuta shafi da dare ta tura WhatsApp kafin asuba, masu biyan kuɗin karatu suna jira, ba mai duba mata ko ƙa'idar rubutu. Ƙanwata ta ba ni wani na karanta, labarin ya riƙe ni har ƙarfe biyu, ban ɓoye ba, amma rabin kowace jimla Turanci ne.

Ni ma na ba ta Ruwan Bagaja. Kwana uku ta dawo min da shi, ta ce ta yi dariya sosai a kan Malam Zurƙe, sai dai ta nemi macen da za ta bi labarinta a ciki ba ta samu ba.