Taba ba ta tsoron sarki

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan kana cikin waɗanda suka yar da kwalin sigari bara ko bana, zauna ka karanta wannan a hankali. Idan ba ka sha, ka karanta wa maƙwabcinka. Labarin taba ne, da yadda aka yi ta korar ta tana dawowa.

Asalin taba nahiyar Amurka ne. A shekara ta 1492 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Kolombus ya isa tsibirin Kuba. Mutanensa suka tarar da ƴan ƙasar suna naɗe wani ganye, suna sa masa wuta, suna zuƙar hayaƙin. Turawa suka kai irin gida. Da fari magani suka ɗauke ta. Wajen 1560 jakadan Faransa a Fotugal, Jan Niko, ya aika wa uwar sarkin Faransa garin taba, wai maganin ciwon kai. Daga sunansa aka samo kalmar nikotin, wato dafin da ke cikin ganyen. Kafin shekara ta 1600 taba ta iso Tumbutu, malamai suka shiga gardama a kanta. Daga baya ta zama ta gida, ana shukawa a fadama, ana sha a lofe, ana taunawa da kanwa.

To, bari mu tafi Santambul, babban birnin Turkawa a wancan zamani. A 1633 gobara ta cinye wani babban sashe na birnin. Sarkin lokacin, Murad na huɗu, ya ɗora laifin a kan masu shan taba. Ya rufe gidajen shan gahawa inda suke taruwa, ya ce duk wanda aka kama da taba a kashe shi. Masu tarihi sun ce shi da kansa yakan sauya tufafi da dare, ya bi lungu-lungu yana farautar masu laifi. An kashe mutane da yawa. Duk da haka wasu suka ci gaba da sha a ɓoye, ransu a hannunsu. Murad ya rasu a 1640, bai cika shekara 30 ba. Ba a yi shekara 10 ba aka sake dokar, daga baya ma gwamnati ta shiga karɓar haraji a kan taba. Ka ga, takobi bai raba mutum da ita ba.

Amma labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ƙasar Iran. A 1890 sarkinsu, Nasiruddin Shah, ya ba wani kamfanin Ingila ikon saye da sayar da dukan tabar ƙasar har shekara 50. Manomi ba shi da ikon sayar da abin da ya noma sai ga wannan kamfani. Kai manomi ne, ka san zafin wannan. Mutane suka fusata. A watan Disamba na 1891 aka baza hukunci da sunan babban malaminsu, Mirza Hasan Shirazi, cewa shan taba ya haramta. Nan take ƙasa ta bari. Ƴan kasuwa suka rufe rumfuna, aka ajiye tukwanen hayaƙi, irin waɗanda yanzu ake kira shisha. An ce har matan sarki sun ƙi sha. A watan Janairu na 1892 sarki ya soke yarjejeniyar, aka yi shelar cewa an ɗage hukuncin. Me ya faru? Mutanen da suka yi kusan wata biyu ba su zuƙi hayaƙi ba suka koma suka ɗauko tukwanensu.

Tsaya nan ka yi tunani. Sun riga sun ƙetare kwanaki mafi wuya. Abin da ya hana su sha, fushi ne da kamfani. Ran da kamfani ya tafi, dalilin ya tafi tare da shi. Kai fa, mene ne dalilinka? Wani tari ne ya kwantar da shi, ya rantse ya bari. Tari ya warke, rantsuwa ta bi iska. Wani da damina ya bari, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aljihu babu ko dala. Kaka ta yi, ya sayar da wake ko gujiya, ran kasuwa sai ga shi gaban mai tebur. Wani kuwa azumi ne ya taimake shi, ya ce daga wannan wata shi ke nan, amma bayan salla da kwana uku aka gan shi yana neman ashana.

Kada ka yi wa waɗannan dariya. Likitoci sun gano cewa nikotin yana isa ƙwaƙwalwa kafin a yi daƙiƙa 20 da zuƙa. Jiki ya saba, idan ya rasa sai ya yi bore: saurin fushi, rashin barci, yawan jin yunwa. Wannan ya fi tsanani a makon farko, kuma a nan ne mafi yawan masu komawa suke faɗuwa. Bayan mako uku ko huɗu jiki yakan lafa. Sai dai sabo yana nan kwance. Shayin dare, hira a dandali, ƙarshen cin tuwo, duk suna tuna maka. Ga kuma aboki mai miƙo hannu yana cewa: «Haba, kara guda me zai yi maka?» A ganina wannan kara guda ya fi kwali haɗari, domin yakan zo lokacin da ka saki jiki kana cewa ka gama. Kwaɗayin ba ya daɗewa, mintoci kaɗan ne. Tashi daga wurin, sha ruwa, sa asawaki a baki, zai wuce. In kuwa ka riga ka zame ka sha, kada ka ce tunda tulu ya fashe bari in sayi kwali. Yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada sau da yawa. Ka faɗa wa maiɗakinka ko amininka, ka sake ƙirga kwana daga yau.

Saura labarin mutum guda. A Ingila akwai wani likita, Ricad Dol, shi ma mai shan sigari ne. Shi da wani malami mai suna Hil suka shiga asibitocin Landan suna binciken abin da ke kawo ciwon daji na huhu. Da farko Dol yana zargin kwalta da hayaƙin motoci. Da ya ga lissafi yana nuna sigari, sai ya bari tun bai gama binciken ba. Suka buga sakamakon a 1950. Daga 1951 suka shiga bin lafiyar likitoci fiye da 34,000, aka yi shekara 50 ana bin su. Ga abin da aka samu: mai shan sigari yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana da shekara 30 yakan ceto kusan dukansu. Mai shekara 40 ya ceto 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ma ya ceto 3. Wannan lissafi na waɗanda suka bari ne ba su koma ba.

Dol bai koma ba. Ya rasu a 2005, yana da shekara 92.