BABI NA UKU: BIYAYYA GA JAM'IYYA DA WAKILCIN JAMA'A A RIKICIN SANTSI DA TAƁO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi rikicin da ya raba jam'iyyar PRP gida biyu tsakanin 1980 da 1983, domin a ga wa ɗan majalisa yake yi wa biyayya idan jam'iyyarsa ta rabu: shugabannin da suka tsayar da shi, ko kuwa jama'ar da suka jefa masa ƙuri'a. Tambayar tsohuwa ce. Tun a 1774 Edmund Burke ya shaida wa masu zaɓensa na Bristol a Ingila cewa wakili yana bin hankalinsa ne, ba umarnin kowa ba. To amma a zamaninsa jam'iyyu ba su yi ƙarfin da suka yi daga baya ba, shi ya sa abin da ya faru a Kano ya fi kusa da matsalar da ake fama da ita a ƙasar nan.

3.1 Tushen Al'amarin

Siyasar talakawan birnin Kano ta samo asali ne daga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta, 1950. Tun a Jamhuriya ta Farko aka fara ganin alamar wannan matsala. Malam Aminu Kano ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959, kuma da yake NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta kafa gwamnati tare da NPC, sai Malam ya zauna a ɓangaren gwamnati a Legas, alhali a gida magoya bayansa suna shan ɗauri a hannun hukumomin En'e masu goyon bayan NPC.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam ya kafa PRP mai alamar makulli. A zaɓen 1979 jam'iyyar ta sami kujeru 7 daga cikin 95 a Majalisar Dattawa da 49 daga cikin 449 a Majalisar Wakilai, ta kuma ci gwamnan Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, da na Kaduna, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. A Majalisar Dokokin Jihar Kano kuwa rinjayenta ya wuce kashi biyu bisa uku nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne, Tsarin Mulkin 1979 bai yarda mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, kuma a unguwannin cikin birni ɗan takara yakan ci ne da albarkacin makulli da sunan Malam fiye da nasa sunan.

3.2 Yadda Jam'iyya ta Rabu

Bayan zaɓe, gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, wato biyar na UPN, biyu na GNPP da biyu na PRP, suka riƙa yin taro a kai a kai don tunkarar gwamnatin NPN ta Shehu Shagari. Shugabannin PRP na ƙasa, ciki har da sakatarenta Sam Ikoku, suka hana gwamnoninsu halartar wannan taro, suna ganin zai mayar da jam'iyyar 'yar amshin shatan Cif Awolowo. Gwamnonin suka ƙi, suna zargin shugabannin da karkata wajen NPN, jam'iyyar da talakawa suka ƙi a akwatin zaɓe. A 1980 aka kore su, su kuma suka kafa nasu ɓangare ƙarƙashin tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu. Daga nan aka sami 'yan Santsi, wato ɓangaren Rimi, da 'yan Taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam a matsayin halattacciyar PRP.

3.3 Matsayin 'Yan Majalisa

Wannan rabuwa ta jefa 'yan majalisa cikin tsaka mai wuya. Sashe na 64(1)(g) na Tsarin Mulkin 1979 ya ce ɗan majalisar da ya koma wata jam'iyya zai rasa kujerarsa, sai fa idan rabuwar jam'iyyarsa ce ta jawo hakan. Ke nan doka ta ɗaure wakili ga jam'iyya, sa'annan ta kwance shi daidai lokacin da jam'iyyar ta tsage.

Sanata Aliyu Sabo Bakin Zuwo, ɗan cikin birni, ya tsaya tare da Malam. Mafi yawan 'yan Majalisar Jiha kuwa sun bi gwamna, kuma hujjar wannan ita ce tsige Mataimakin Gwamna Ibrahim Bibi Faruk da suka yi a 1981, domin tsigewa ba ta yiwuwa sai da kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa. Laifinsa a siyasance shi ne zamansa ɗan Taɓo. A wannan shekarar dai, ranar 23 ga Yuni, 'yan NPN masu rinjaye a Majalisar Kaduna suka tsige Balarabe Musa, bayan sun ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa tun farkon mulkinsa.

Idan aka lura, kowane ɓangare yana da hujjar da yake kafawa. 'Yan Taɓo suna cewa kujerar ta jam'iyya ce, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. 'Yan Santsi suna cewa manufofin jam'iyya aka zaɓa, su ne kuma suke aiwatar da su, suna nuni da soke haraji da jangali da shirin yaƙi da jahilci. Sai dai a ra'ayin wannan bincike, babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wakilci mai zaman kansa irin wanda Burke ya bayyana. Ɗan majalisar da ya bar gidan Malam na Gwammaja, Gidan Gwamnati ya nufa, inda muƙamai da kwangiloli suke. Biyayya ce ta sauya ubangida. Mai ƙuri'a a Jakara ko Yakasai ba a koma an tambaye shi ba, ba shi kuma da hanyar yi wa wakilinsa kiranye, domin Tsarin Mulkin lokacin bai tanadi haka ba.

3.4 Hukuncin Masu Zaɓe

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya ajiye muƙaminsa ya koma NPP, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya gaje shi. A zaɓen gwamna na watan Agusta, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi. Za a iya cewa jama'a sun nuna makulli suka zaɓa tun farko, amma akwai wasu dalilan: juyayin rasuwar Malam, da kuma fushin da mutanen birni suka yi a kan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wadda ta haddasa tarzomar 10 ga Yuli, 1981, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad. Sabuwar gwamnatin wata uku kacal ta yi, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba, 1983.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa rikicin Santsi da Taɓo takara ce a kan wane ne ya mallaki jam'iyya, kuma shekara uku mai ƙuri'a yana kallo kafin a sake jin ta bakinsa. Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita wancan sharaɗi a sashe na 68(1)(g), ya ƙara da damar kiranye a sashe na 69. A 2015 Kotun Ƙoli, a shari'ar Abegunde, ta yanke cewa rabuwar da za ta halatta sauya sheƙa dole ta shafi jam'iyya a matakin ƙasa, ba reshen jiha kaɗai ba. Bisa wannan ma'auni rabuwar PRP ta 1980 cikakkiyar rabuwa ce, 'yan majalisar ɓangarorin biyu kuma suna da damar riƙe kujerunsu. Babi na huɗu zai dubi yadda waƙoƙin siyasa na wannan lokaci suka bayyana ra'ayin talakawan birni game da wakilansu.