Tarihin Roka: Daga Fadar Sarkin Musulmi Bello Zuwa Filin Makaranta

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, da yawa daga cikinmu in aka ambaci roka sai hankalinmu ya tafi Amurka ko Rasha, kamar dai abin bai taɓa shafarmu ba. Alhali kuwa an yi zancen roka a cikin birnin nan na Sakkwato fiye da shekara 200 da suka wuce.

Asalin roka daga ƙasar Sin ne, inda ake ɗura albarushi cikin gora a ɗaura a jikin kibiya. Daga bisani Sarki Tipu na Maisur, a ƙasar Indiya, ya yaƙi Turawan Ingila da rokoki na ƙarfe. Da suka ci shi a 1799 sai suka kwashi rokokin zuwa gida, William Congreve ya ƙera irin tasu. A 1823 wasu matafiya na Ingila suka isa Kukawa ɗauke da rokoki, suka harba su a gaban Shehu Laminu na Barno, jama'a na ta al'ajabi.

Ɗaya daga cikin matafiyan nan, watau Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. Ya rubuta cewa da ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayansa na auna taurari, sai ya tarar Sarki ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Har ila yau Sarki ya tambaye shi ko Sarkin Ingila zai aiko masa da igwa biyu da rokoki. Da Clapperton ya komo a 1826, cikin tsarabarsa har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. A nan Sakkwato ya rasu a 1827.

Bayan samun 'yancin kai, hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu, 1962. A watan Agusta na 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. A 1999 Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, watau NASRDA. An harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003, sai NigComSat-1 daga Sin a 2007. A 2011 aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyinmu suka haɗa a Ingila. Wannan abin alfahari ne, amma a lura, dukkan taurarin nan rokar wasu ce ta ɗauke su. Daga zamanin Sarki Bello zuwa yau, a hannun wasu muke neman roka, kuma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

To, su masu rokar, ina suka samo maƙeransu? Da yawa daga wasa suka fara. Da Rasha ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba, 1957, sai samarin Amurka suka duƙufa wajen haɗa rokoki a gida, wasu suka ƙone, wasu suka rasa yatsu ko idanu saboda cakuɗa sinadarai da ka. Maganin abin ya fito ne daga wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda tun 1954 ya ƙera ɗan ƙaramin inji da ake sa wa rokar kwali. Shi da wani injiniya, Harry Stine, suka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1957, da doka mai tsanani: yaro ya ƙera gangar jiki da kwali da katako maras nauyi, amma inji sai na masana'anta. A wani ƙauyen masu haƙar kwal, Coalwood, wani ɗan sakandare mai suna Homer Hickam da abokansa suka yi ta gwaji da taimakon malamarsu, har ya ci lambar zinariya a gasar kimiyya ta ƙasa a 1960. Daga baya ya zama injiniya a NASA.

Sirrin roka dai shi ne dokar Newton ta uku da malamanmu suka sha maimaita mana: in ka tura abu baya, shi ma zai tura ka gaba. Ba sai da wuta ba. A sami gorar lemo ta roba mai lita 2, a zuba ruwa sulusinta, a toshe bakin, a kifa ta, a bunƙa mata iska da famfon keke. Da an saki toshiyar, iska za ta fesar da ruwan ƙasa, gorar ta yi sama mita da dama. A manna mata fikafikai uku na kwali ta gindi, a ɗan ƙara nauyi a hanci, domin in nauyi ya koma baya sai ta yi ta juyi a iska. Auna nisan tashinta kuwa aikin lissafi ne: ɗalibi ya tsaya mita 30 daga wurin harbi, in ya hango ƙololuwar tashinta a kusurwar digiri 45, to ta kai kimanin mita 30 ke nan. Albarushi kuwa kada a kusance shi. Akwai haɗari, akwai doka, ga kuma halin tsaro da ake ciki.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu, in an zo rabon gudummawar bana, ban da fenti da kujeru, a ware wani abu don kafa ƙungiyar masu ƙera rokar ruwa a ƙarƙashin malamin kimiyya, a riƙa yin gasa a filin wasa kowace shekara. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Garin da Sarkinsa ya san taurari da sunayensu bai kamata a ce 'ya'yansa sun tsaya ga kallo ba. Allah ya ba mu ikon yi.